Gemu Ba Ya Hana Ilimi

Darasi domin sababbin masu-bi da masu-neman sanin hanyar Almasihu

Karatu: Ayyukan Manzanni 8:26-39, 18:24-28, 2 Timoti 4:9-13.

1. Sunan da mu ke ɗauke da shi

Ya ɗan'uwa, kai da aka yi wa baftisma kwanan nan, da kai kuma da ka ke zuwa aji kana bincike tukuna, akwai wani tarko wanda ya kama masu-bi da yawa, wajib ne kuwa mu nuna maka shi tun ba ka kai gare shi ba. Mutum ya kan yi wata da watanni yana zuwa ajin baftisma, ruwa da iska ba su hana shi. Ya haddace Addu'ar Ubangiji, da Dokoki Goma, da Shaidar Bangaskiya. A yi masa tambayoyi ya amsa, a yi masa baftisma. Ranan nan sai ya ce a ransa, "Na sauke." Ya naɗe Littafinsa cikin ƙyalle ya sa a akwati, ba ya kuma fito da shi sai ran Lahadi. Bayan shekara biyar, in ka gwada shi, za ka tarar abin da ya sani bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi, gama karatu kamar gona ya ke: ranar da aka ajiye fartanya, ranan nan ciyawa ta fara cinta.

Ka duba sunan da Bishara ta ke kiran mutanen Ubangiji Yesu da shi. Almajirai ta ke ce musu, su kuma suna ce masa Malam. Sunan nan Kirista daga baya aka laƙaba musu, a birnin Antakiya. Kowane Bahaushe ya san ko wane ne almajiri, watau wanda ya bar abin da ya saba da shi domin neman sani. Mutum goma sha biyun nan sun yi wajen shekara uku suna bin Malaminsu dare da rana, duk da haka a daren da aka bashe shi ya nuna musu akwai sauran abu mai-yawa da ba su iya ɗauka tukuna, Ruhu Mai-Tsarki ne zai koya musu a gaba. In waɗanda suka ci tuwo tare da shi ba su sauke ba, ƙaƙa kai da ni za mu sauke cikin wata shida? Baftisma ƙofar makaranta ce. Wanda ya shiga ta ya zama ɗan aji har ranar da za a kira shi gida.

2. Abin da birninmu ya sani tun dā

Mu mutanen Katsina ba mu da hujjar cewa wannan magana baƙuwa ce. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 15, sa'ad da Shehu Magili ya sauka a nan, a ke lissafta birnin nan cikin garuruwan malamai. Hasumiyar Gobarau tana tsaye har yau tana tuna mana da zamanin da. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina, da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667. Wani ɗan ƙasar nan kuma, Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi, ya bi neman ilimi har Makka da Masar, a Alƙahira kuwa ya rasu a 1741.

Ka lura kuma da al'adar maƙwabtanmu Musulmi. Yaro ya sauke Alƙur'ani, a yi walima, a taya iyayensa murna, amma kowa ya san saukar nan mafari ce. Mai-himma daga nan ya ke wucewa makarantar ilimi a zauren malam. Ka ratsa unguwa bayan asuba, ko tsakanin la'asar da magariba, za ka ga maɗinki da ɗan kasuwa da dattijo mai-furfura zaune bisa tabarma, kowa da littafinsa a cinya, yana jiran layi ya zo kansa ya karanta, malam ya ba shi ma'ana da Hausa. Wani ya yi shekara talatin yana zuwa zaure guda, ba wanda ya taɓa ce masa ya tsufa. Wannan abin kirki ne, ba mu kuwa jin nauyin yabonsa. Sai dai mu tambayi kanmu: in maƙwabcinka ya tashi da duhu domin littafinsa, kai da ka ce ka sami maganar rai, me ya sa naka ya ke kwana cikin akwati?

A nan kuma aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938. Ɗaya daga cikin ɗalibanta, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya fita ya koyar shekaru da yawa a Bauci, amma a 1945, yana da shekara fiye da talatin, ya sake komawa kan bencin ɗalibai a birnin Landan. Bai ce shi malam ne, ya wuce a koya masa ba.

3. Mutum uku cikin Littafi Mai-Tsarki

Na fari shi ne Afolos, Bayahude mutumin Iskandariya, birnin da ya shahara da littattafai. Gwanin magana ne, ya kuwa san Littattafai ƙwarai. Ya zo Afisa yana wa'azi da zafin zuciya, amma saninsa ya tsaya a baftismar Yohanna. Cikin masu-sauraronsa akwai wani mutum da matarsa, Akila da Biriskilla, masu-ɗinkin alfarwa. Da suka ji inda ya gaza, sai suka jawo shi gefe suka bayyana masa sauran. Ka yi tunani a kan wannan. Babban malami ne, jama'a suna yabon bakinsa, ga shi ya zauna gaban masu-allura da zare, ɗayansu ma mace, ya karɓi gyara. Da girman kai ya hana shi, da ya mutu yana koyar da rabin gaskiya. Da ya ke ya ƙasƙantar da kansa, sai ya haye zuwa Akaya ya zama babban taimako ga ikilisiya a can.

Na biyu ma'ajin sarauniyar Habasha ne, mutum mai-muƙami, dukiyar ƙasa duka a hannunsa. Yana komowa daga Urushalima ta hanyar Gaza, cikin karusarsa, yana karanta littafin Annabi Ishaya. Tafiya ba ta hana shi karatu ba. Sa'ad da Filibus, baƙo mai-tafiya a ƙasa da ƙura a jikinsa, ya tambaye shi ko yana gane abin da ya ke karantawa, bai ɓoye ba, ya yarda yana bukatar mai-nuna masa hanya, ya kuma roƙe shi ya hau su zauna tare. Tambaya ɗaya da bai ji kunyar yinta ba ita ta kai shi ga sanin Mai-Ceto a ranan nan.

Na uku Manzo Bulus ne da kansa. Ya tsufa, yana ɗaure a kurkuku a Roma, ya kuwa san kwanakinsa sun ƙare. Ya rubuta wa Timoti ya yi hanzarin zuwa kafin sanyi ya shigo. Me ya ce a kawo masa? Mayafinsa da ya bari a Taruwasa wurin Karbus, da littattafai, tun ba fatun nan na rubutu ba. Mutumin da ya kafa ikilisiyoyi daga Asiya har Makidoniya, wanda wasiƙunsa mu ke karantawa yau, yana jiran takobi, amma yana neman abin karatu. In wani ya isa ya ce ya sauke, Bulus ne. Shi kuwa bai faɗa ba.

4. Yadda Littafin ya iso hannunka da Hausa

Littafin da ka ke riƙe da shi aikin manya ne waɗanda suka koma yara domin su koya. A 1841 aka aiko jiragen ruwa su hau kogin Kwara, a cikinsu akwai wani Bajamushe mai-wa'azi, J. F. Schön, da wani Bayarabe, Samuel Ajayi Crowther. Schön ya fara koyon Hausa yana kusa da shekara arba'in. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, bai kuwa taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma bai saki harshen ba. A 1855 matafiyin nan Barth, wanda ya ratsa Katsina, ya koma Turai tare da wani yaro Bahaushe mai-suna Dorugu. Dattijon nan ya zaunar da yaron, yaro yana faɗa, shi yana rubutawa. Ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ya fitar da ƙamus a 1876 yana da shekara 73.

Crowther kuwa an kama shi bawa yana yaro a 1821, aka 'yanta shi, ya koyi karatu a Saliyo. Ya riga ya kai shekara hamsin sa'ad da ya fitar da littafin koyon Nufanci a 1860, aka kuma naɗa shi Bishop a 1864. Bayansu Likita Miller, wanda ya gama karatun likita a Ingila, ya zauna gaban Hausawa yana tambayar sunan kowane abu kamar ɗan yaye. Ya iso Kano a 1900, ya zauna Zariya shekaru da yawa, shi da abokan aikinsa, Hausawa da Turawa, har aka buga Littafi Mai-Tsarki duka da Hausa a 1932. Ko wannan ma ba a ce ya ishe ba, gama bayan kusan shekara hamsin aka fitar da sabuwar fassara. Daga 1841 zuwa 1932 shekara 91 ke nan. Abin da aka yi shekara 91 ana dafa maka, ya kamata ka bar shi ya huce a akwati?

5. Hasarar wanda ya tsaya

Ta fari, ba zai iya ba da amsa ba. Kai sabon mai-bi, ka sani tambayoyi suna zuwa. Kawunka zai kira ka zaure ya ce, "Ɗana, me ka gani a can da ka bar hanyar iyayenka?" Abokin cinikinka zai ce an sāke Linjila, ko kuwa ya ce kuna bauta wa alloli uku. Waɗannan mutane ba lalle maƙiyanka ba ne, da yawansu ƙaunarka su ke yi, sun kuwa cancanci amsa ta hankali da ladabi. Manzo Bitrus ya umarce mu mu zauna a shirye domin irin wannan rana, mu amsa da tawali'u. Wanda bai sani ba, ko dai ya yi fushi ya ɓata zumunci, ko kuwa ya yi shiru, shakka ta shiga zuciyarsa, ta yi ta cinsa kamar gara har ya koma.

Ta biyu, zai zama abincin masu-ruɗi. Akwai masu-yawo da sunan Yesu a baki, suna sayar da ruwa da mai, suna cewa in ka ba da kaza za ka yi arziki kafin wata ya mutu. Su kan tsinko aya guda, su raba ta da 'yan'uwanta, su ɗora mata abin da su ke so. Wanda bai san abin da ke gaba da ayar da abin da ke bayanta ba, da me zai gane? An yabi mutanen Biriya domin ko Bulus ma da ya yi musu wa'azi, kowace rana sai sun koma ga Littattafai sun duba ko haka ne.

Ta uku ta shafi jiki da gida, gama Allah bai raba rai da jiki ba. Ga misali a ƙofarmu. A ƙarshen shekarun 1930 Mishan na SIM ya karɓi aikin jiyyar masu-ciwon kuturta a Babbar Ruga, kusa da birnin nan, mutane da yawa kuwa a can suka koyi karatu suna manya, waɗansu da yatsun da ciwo ya riga ya ci. A lokacin nan allurar wani mai a ke yi, mai-zafi, amfaninta kuwa kaɗan. Wajen 1950 aka sami ƙwayar magani da ta fi ta. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magunguna wanda ke warkar da ciwon sarai cikin wata shida zuwa goma sha biyu, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da shi. An kuma sani ƙwayar cuta ke kawo shi, ba gado ba ne, ba kuwa la'ana ba. Amma mutumin da saninsa ya tsaya inda na kakansa ya tsaya, in ya ga tabo mai-haske a jikin ɗansa wanda ba ya jin taɓi, sai ya rufe shi da riga domin tsoron bakin mutane, har jijiya ta mutu, yatsa ya lalace. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Haka kuma wanda ya dangwala yatsa a takardar gona ko ta bashi bai san abin da ke ciki ba, ya ba wani wuƙa da nama.

6. Uzuri huɗu da amsarsu

Wani dattijo zai ce, "Malam, icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, ni kuwa na bushe." Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, gaskiya ne yaro ya fi ka saurin hadda, amma ka fi shi ganewa. In aka karanta misalin mai-shuka, kai da ka yi damina hamsin a gona ka san ƙasa mai-duwatsu da ƙasa mai-ƙaya fiye da kowane ɗan makaranta. Baƙaƙen boko wajen talatin ne kaɗai. Kai da ka san kowace akuya cikin garkenka da kamanninta, ka kuma riƙe bashin mutum ashirin a ka, baƙi talatin ba za su gagare ka ba. In dā ma ka iya ajami, ka riga ka yi rabin tafiya.

Wani zai ce, "Ba ni da lokaci." Da damina mun yarda aiki ya kan yi yawa. Amma in an kai amfani rumbu, rani ya shigo, sa'a nawa ka ke yi a gindin bishiya ana hira, ko kuwa kana duban wayar hannu? Minti goma sha biyar kowace safiya sun isa a fara. Wayar nan ma tana iya zama bawanka, gama akwai Littafi Mai-Tsarki da Hausa wanda aka karanta da murya, mai-raunin ido yana iya saurara.

Wani zai ce, "Ina jin kunya yara su ga ina tuntuɓe." Nikodimu babban malami ne cikin Yahudawa, kunya ta sa ya zo wurin Yesu da dare, amma dai ya zo, Ubangiji kuwa bai kore shi ba. In ba ka iya zuwa da rana, zo da dare. Kunyar tambaya ta sa'a guda ce, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Wata 'yar'uwa za ta ce, "Ni mace ce, ga daka, ga goyo." 'Yar'uwa, Timoti wurin uwarsa da kakarsa ya fara jin Littattafai tun yana ƙarami, kin kuma ji abin da Biriskilla ta yi. A ƙasar Sakkwato ma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta aika mata masu-sani ƙauye ƙauye suna koyar da matan aure. Kai kuma maigida, in ka tafi aji ka bar matarka da yara kullum, ka sani rabin gidanka ka bari cikin duhu. Ka karɓi goyon wata rana, ita ma ta tafi.

7. Yadda za a yi

(1) In ba ka iya karatu ba, ka faɗa wa malamin aji a makon nan, kada ka jira sabuwar shekara.

(2) In ka iya, ka sa wa kanka lokaci da wuri, ka karanta sura guda kowace rana. Ka fara da Bisharar Markus, surarta 16 ce. Sabon Alkawari duka sura 260 ne, mai-karanta guda a rana zai gama kafin wata tara.

(3) Ka ajiye ɗan littafin rubutu. Abin da ba ka gane ba ka rubuta, ka kawo aji. Kada ka tsallake wuri mai-wuya kamar ba ka gan shi ba.

(4) Ka ƙara sani cikin sana'arka: lissafin ciniki, da irin shuka, da karanta takardar magani, da tsabtar ruwan sha. Aikin da aka yi da gwaninta da gaskiya shi ma shaida ne.

(5) Abin da ka koya, ka koya wa wani. A 1930 wani mai-wa'azi ɗan Amurka, Frank Laubach, yana koyar da manya karatu a ƙasar Filifin. Da kuɗin biyan malamai ya ƙare, aka kafa ƙa'ida kowane wanda ya koya ya koya wa mutum guda, haka kuwa karatu ya bazu. A ƙasarmu ma, cikin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, manya da yawa a ajin yamma suka fara riƙe alƙalami. Ka fara da mutanen gidanka.

Saura gargaɗi guda. Sani yana iya kumbura mutum, Bulus ya faɗa wa Korintiyawa haka. In karatunka ya sa ka fara raina mahaifinka domin bai iya boko ba, ko ka riƙa neman gardama a kasuwa domin a ce ka iya, to, ka ɓata hanya. Ga ma'aunin da za ka auna kanka da shi kowace shekara: mudunka ya ƙara cika? Bakinka ya rage zagi? Matarka da 'ya'yanka sun ƙara jin daɗin zama da kai? Gama almajirin Yesu halin Malaminsa ya ke koyo, harafi kuwa bawa ne mai-kai shi can.

Tambayoyi domin aji

1. Me ya sa a ke kiran masu-bin Yesu almajirai?
2. Me Afolos ya rasa, su wa kuma suka cika masa?
3. Me Bulus ya roƙa a kawo masa a kurkuku?
4. Faɗi hasara uku da ke samun mai-bi wanda ya daina koyo.
5. Wane uzuri cikin huɗun nan ya fi kama da naka? Wa za ka koya wa abin da ka ji yau?

Addu'a

Ya Ubangiji Yesu, Malaminmu, ka kira mu cikin makarantarka muna manya, ba ka kuwa raina jinkirinmu ba. Ka ba mu zuciya mai-tawali'u wadda ba ta jin kunyar tambaya. Ka buɗe mana Littafinka, ka tsare mu daga masu-ruɗi da girman kai. Ka sa abin da mu ke koyo ya bayyana cikin gidajenmu da cinikinmu, maƙwabtanmu su gani su yabi Ubanmu na sama. Ka riƙe mu a gabanka muna koyo har ranar da za mu gan ka ido da ido. Amin.